Ramuka Biyu da Na Goge

Usman, ka taɓa tambayata abin da ya hana Baba Isti zuwa gareji kusan sati uku a shekarar da ka shiga sakandare, na ce maka ba shi da lafiya. Ƙarya na yi maka. Lafiyarsa ƙalau. Daga baya na ji ƙanwarka Zainab tana gaya wa wata ƙawarta wai tsohon saurin fushi gare shi, abu kaɗan sai ya yi zuciya. Wannan ma ba haka ba ne, kuma ni na jawo kuke faɗa, tunda ban taɓa zaunar da ku na gaya muku yadda aka yi ba. Laifin nawa ne daga farko har ƙarshe, kuma ga shi.

Ni da Istifanus, wato Baba Isti naku, mun haɗu a unguwar Idu tun wajen yana rabin daji, kafin jirgin ƙasa ya zo, kafin a cika ko'ina da manyan ɗakunan ajiyar kaya. Shi mutumin Filato ne, daga wajen Bokkos, ya girme ni da shekara goma sha wani abu. Rumfa ɗaya muka kafa, akwatin sifana ɗaya. Ranar Juma'a shi ke riƙe gareji in tafi masallaci, ranar Lahadi ni ke riƙewa shi ya tafi coci. Ba wanda ya rubuta wannan a takarda, haka muka tashi muka ga muna yi. Ni ina kiransa Dattijo, shi kuma Bakano yake kirana, ko a gaban baƙi, ko ranar sunanku. Sunana Haruna kamar bai taɓa jin sa ba. Aikinmu na talakawa ne: tasi, bas ɗin Gwagwa, motocin ɗaukar kaya na masana'antu. A kawo tana hayaƙi, mu mayar ba ta yi. Shi ke nan rayuwar.

Amma a shekarar nan na fara lura da wani abu. Sai ya miƙa hannu zai ɗauki sifana sha biyu ya ɗauko sha uku. In an kira shi a waya sai ya kai ta har bakin hancinsa kafin ya ga mai kira. Wata rana wani direba da muka fi shekara goma muna yi masa aiki ya tsaya a bakin rumfa, Dattijo ya gaishe shi gaisuwar baƙo, sai da mutumin ya yi magana ya gane shi. Na gani, na yi shiru. Na fara jera masa sifanu a inda hannunsa zai faɗa a kan daidai. In ƙaramin noti ya faɗi ƙasa sai in ɗauka in ajiye kusa da shi kamar ban ga komai ba. A ganina kirki nake yi.

Ana cikin haka aka jawo mana wata tsohuwar mota 'yar Jamus mai ƙofa biyu, mai fulogi shida. Mai ita Injiniya Bashir, ma'aikaci a wata ma'aikatar tarayya, ɗan Zazzau, mai gilashi da ladabi, irin wanda ko ruwa zai miƙo maka sai ya rusuna. Motar ta mahaifinsa ce, ta daɗe a ajiye. Ba gyaran yau da kullum yake so ba. Akwai wani fili da shi da abokansa suke rufewa ranar Asabar su yi tsere, yana so a haɗa masa injin da zai shiga cikinsu. Fistin da sauran kayan ƙasa duk ya sayo. Abin da ya rage shi ne top.

Tunda ba ku bi sana'ata ba bari in gaya muku. Top silinda, mu dai top muke cewa, shi ne murfin injin, wani dunƙulen alminiyam mai nauyi. A jikinsa akwai ramuka. Ta gefe ɗaya injin yake shaƙar iska da fetur, ta ɗaya gefen yake fitar da hayaƙi. Mai fulogi shida, ramin shaƙa shida ne, na fitarwa shida. Masu tsere sukan sa a gyara ramukan nan, a buɗa su, a daidaita lanƙwasarsu, a goge, don injin ya yi numfashi sosai. Ni a lokacin iyakar sanina ke nan. Ban taɓa yi ba, ban taɓa ganin an yi ba. Na buɗe baki zan ce wa Injiniya ya nemi wani wuri, sai Dattijo ya riga ni.

"Ka bar mana top ɗin motan. Ni zan yi."

Na juya na kalle shi. Na ce, "Dattijo, kai kuma a ina?"

Ya ce, "Kana tsammani a hannunka aka haife ni, Bakano? Kana yawo ba wando ina wannan aiki a Jos."

Ashe yana saurayi ya yi shekaru a ƙarƙashin wani mutum mai tseren mota, a can ya koya, tun da ya baro kuma ba wanda ya taɓa tambayarsa. Washegari ya zo da wani gwangwanin madara cike da ƙananan duwatsun gurza ƙarfe, an naɗe su a tsumma, da wani ƙaton sirinji irin na allurar shanu. Sati biyu ya yi a kan top ɗin nan. Ban taɓa ganin sa haka ba. Yana waƙar coci ƙasa-ƙasa, ya gurza kaɗan, ya kashe injin gurzar, ya zura yatsa cikin ramin ya yi shiru kamar mai sauraron wani abu. Wata rana yini guda ya yi yana toshe bawul, yana ɗura kananzir da sirinjin nan cikin ramukan ɗaya bayan ɗaya, sai da kowanne ya sha daidai da ɗan'uwansa. Ranar Asabar da yamma ya wanke hannu ya ce ya gama.

A yammacin nan, bayan ya tafi, Injiniya ya zo da kwali a bayan motarsa. Wani dila ne ya ba shi top da aka riga aka gyara daga waje, ya ce ya kawo mana mu duba, in bai yi ba ya mayar. Da na buɗe kwalin sai da na ce tabarakallah. Ramukan manya-manya, ciki kamar madubi, har fuskarka kana gani a lanƙwashe. Na ɗauko na Dattijo na ajiye kusa da shi. Ramukan hayaƙinsa sun gogu sumul, ba laifi. Amma ramukan shaƙa, shidan nan duka, kaushi gare su, duk zanen dutse a ciki, kamar wanda ya fara aiki aka kira shi. Kusa da na dilan sai ya zama abin tausayi.

Injiniya ya duba wannan, ya duba wancan. Ya ce, "Oga Haruna, ku ne masana. Wanda kuka zaɓa shi za a ɗora. Zan dawo Asabar mai zuwa."

Da ya tafi na zauna a kan benci. Abin da ya zo min ɗaya ne: idon ya tafi. Tsoho ya ɗauka ya goge, bai san bai goge ba. Ga aikin da ya fi so a rayuwarsa, ga shi za a ajiye shi kusa da madubin nan a yi masa dariya. Ban kawo a raina cewa in tambaye shi ba. Yaya zan tambaya? In ce, Dattijo, ba ka gani ne?

Washegari Lahadi, ranata ta riƙe gareji, shi yana coci. Na ɗauko injin gurzarsa, na naɗa samfefa mai laushi, na zauna. Na fara da rami na ɗaya, na goge shi na bi da man goge ƙarfe har ya yi walƙiya. Wallahi har daɗi na ji. Na tsallake zuwa na huɗu don shi ya fi kaushi a idona, shi ma na mayar da shi madubi. Na kama hanyar na biyu ke nan aka ɗauke wuta. Na jira har la'asar ba a kawo ba, janareta kuma ba mai. Na yi tsaki na rufe top ɗin da buhu, na ce gobe in sammako in ƙarasa kafin ya iso. Tun ranar ban sake zagin masu ɗauke wuta da zuciya ɗaya ba.

Litinin na same shi ya riga ni. Daga Kuje yake zuwa amma ya riga ni, don ɗokin a ɗora top ɗinsa. Ina shigowa yana ɗage buhun. Bai ma sunkuya ya duba ba. Yatsa ya zura a rami na ɗaya, yadda ya saba. Na ga bayansa ya ƙame. Ya daɗe a haka. Ya zare yatsan a hankali ya goge a wandonsa, bai taɓa sauran ramukan ba.

Ya ce, "Haruna."

Shekara ashirin da ɗoriya, ranar na fara jin sunana a bakinsa. Da ya mare ni da ya fi min sauƙi.

Na ce, "Dattijo, na ga ka gaji ne, na ce bari in ƙarasa maka..."

"Ka ƙarasa min."

"Wani top aka kawo daga waje, in ka ga yadda yake..."

"Da gangan na bar shi haka." Bai ɗaga murya ba. "Da gangan. Kai ka ɗauka na makance. Ka jira na tafi coci."

Ya tattara duwatsunsa cikin gwangwani, ya naɗe tsumman, ya fita. Sirinjin kawai ya manta. Na bi shi har bakin titi ina magana, ban ma san abin da nake faɗa ba. Ya tsayar da bas ya shiga.

Talata bai zo ba. Laraba bai zo ba. Na kira waya tana shiga ba a ɗauka. Ranar Juma'a na sa kwaɗo a gareji na tafi masallaci, karo na farko tun da muka kafa rumfar, maƙwabta suna leƙowa suna tambaya ko rasuwa aka yi. Na ce musu ba shi da lafiya, ƙaryar da na kawo muku gida ke nan. Mamarku ce kaɗai ba ta saya ba. Da na dawo daga masallaci ta ajiye min abinci ta zauna ta zuba min ido, har na gaji na gaya mata komai. Na yi ta nanata cewa don shi na yi, don kada ya ji kunya.

Ta ce, "Malam, ni ban san ƙarfe ba. Amma in na daka yaji na bar shi da ɓarzo don haka nake so, wata ta faki idona ta shigo ta tankaɗe min wai tana tausayina, wallahi ta gama taɓa turmina."

Na ce, "Ai ba haka ba ne."

"To yaya ne? Ka tambaye shi?"

"A'a."

"Shekara ashirin kuna cin abinci kwano ɗaya, tambaya ɗaya ta gagare ka, amma zaman gurzar ƙarfe bai gagare ka ba. Kuma ka zaɓi ranar da ya bar maka amanar wurin." Ta ɗauke kwanon miya ta ƙara min. "Ci. In ka ƙoshi ka san hanyar Kuje."

Ban tafi ba. Ina gaya muku don ku san irin uban da kuke da shi. Na ce bari ya huce tukun, alhali ni ne nake tsoro.

Asabar ta zo, Injiniya zai dawo jin wanda muka zaɓa. Da safe na ajiye top biyun a kan benci. Hanya mai sauƙi tana nan a fili: in ɗora na dilan, in tura na Dattijo ƙarƙashin benci in rufe da buhu, Injiniya ya tafi da murna, ba wanda zai san na ɓata komai. Amma Idu ba ta da sirri. Kafin sati labari zai kai Kuje cewa an ɗora na waje, na Istifanus yana ƙasa kaji suna hawa. In haka ta faru na san ba zai sake tako rumfar nan ba har ya mutu. Kuma ni ban ma san wanne ya fi ba. Bakanike da furfura, an ce ya zaɓa, iyakar abin da ya sani shi ne wannan yana walƙiya wancan ba ya yi.

Sai idona ya faɗa kan sirinjin. Na yi yadda na ga yana yi. Na toshe bawul, na ɗura kananzir a ramukan shaƙa na top ɗinsa. Shidan kusan kai ɗaya, har biyun da na goge, domin Allah ya taimake ni ban ci ƙarfe da yawa ba. Na koma kan na dilan. Ramin farko ya shanye abin da na Dattijo ya sha ya nemi ƙari mai yawa. Na biyu ya fi na farko ci. Na uku bai kai su ba. Kowanne da cikinsa. Ban san ma'anar hakan ba, amma na san mutum ba ya ɓata yini guda yana daidaita abu a banza.

Da Injiniya ya iso ban bari ya gama gaisuwa ba. Na nuna masa rami na ɗaya da na huɗu na ce ni na yi wannan, ba da sanin mai aikin ba, kuma saboda haka ya bar gareji. Na ce ni dai na Istifanus zan ɗora, amma ba yau ba, kuma ba zan iya gaya masa dalilin da ya sa ya fi ba sai na je na tambayo. In ba zai iya jira ba ga motarsa, ba zan ji haushi ba.

Ya cire gilashinsa ya goge. Ya ce, "Oga Haruna, ni fa na karanta a waya cewa ramin shaƙa ba a son ya yi santsi. Tun ranar da na ga na Baba na so in ce ya yi daidai."

"To me ya hana ka?"

"Kun haife ni. Yaya zan zo garejinku in koya muku aiki?"

Na kalle shi, ya kalle ni. Mutum uku, kowa yana lallaɓa wani, ba wanda ya buɗe baki. Ya ce zai mayar wa dila kayansa, ni kuma in je in dawo da tsohon, mota ta yi shekaru tana jira, sati biyu ba zai kashe ta ba.

Duk da haka sai da na ƙara fiye da sati guda ina juya abin. Ranar wata Laraba na sa top ɗin a buhun shinkafa na ɗauka a kafaɗa na shiga motar Kuje. Kwandasta ya ce sai na biya kuɗin mutum biyu, na biya. Matarsa, Mama Talatu, na fara samu a tsakar gida tana tsince acca.

Ta ce, "A'a, Baban Usman! Ashe ba a tashi hanyar Kuje ba? Mun ɗauka gwamnati ta rufe."

Na durƙusa na gaishe ta. Ta nuna min bayan gida da haɓa, ta rage murya. "Yana can. Kullum da asuba sai ya sa kayan aiki, sannan ya tuna ya cire. Ka je ka ɗauke min shi, ya ishe ni."

Yana zaune a gindin mangwaro yana ɓare masara. Na yi sallama ya amsa bai ɗago ba. Na sauke buhun, ƙarfen ya bugi ƙasa, na ga kunnensa ya gane. A mota na shirya magana mai tsawo, da na tsaya a gabansa duk ta gudu. Abin da ya fito shi ne abin da ya kamata in faɗa tun farko.

"Dattijo, me ya sa ka bar su da kaushi?"

Ya ci gaba da ɓare masararsa har ya gama wadda ke hannunsa. Sannan ya kira Mama Talatu ta kawo masa farantin tangaran da kofin ruwa. Ya yayyafa ruwa a kan farantin ya miƙo min.

"Me ka gani?"

"Ya taru ɗigo-ɗigo."

Ya yayyafa a kan bulon da yake zaune. "Nan fa?"

"Ya baje."

"To fetur ma haka ne. In bango ya yi santsi sai ya kwanta a jiki ya taru, ya gangara cikin injin kamar majina, wani fistin ya samu da yawa wani ya rasa. In da kaushi, iska na tashinsa, yana shiga kamar hazo. Wajen hayaƙi ne ake gogewa don kada baƙi ya kama. Na dilan naku, manyan ramuka ne, ko?"

Na ce manya sosai, kuma kowanne da cikinsa, na auna da sirinjinsa.

Nan ne ya ɗago ya kalli wajen da nake. "Ka auna?"

"Na auna."

Ya yi wani ɗan gunaguni. Ya ce, "Ka taɓa ganin mai wankin mota ya danne bakin tiyo da yatsa? Ruwan na fita da ƙarfi. In ya saki, sai ya zuba a ƙafansa. Motan nan ƙarami ne, in ka ba shi wancan top ɗin zai yi ta ihu ba ya tafiya. Masu saida shi sun san ku, Bakan..." ya tsaya, ya haɗiye sauran. "Sun san ido kuke saye da shi."

Na ce, "Na yi laifi. Ba gogewar ba ma, zaton da na yi, da jiran Lahadi da na yi. Ka yafe min."

Bai ce ya yafe ba. Ya ce, "Nawa ka taɓa?"

"Biyu. Na ɗaya da na..."

Ya ɗaga hannu. "Kada ka gaya min. Na ɗaya na sani. Ɗayan ni zan nemo da kaina. Ba zan taɓa top ɗin nan ba, kai ka ɓata kai za ka gyara. In ka gama zan sa yatsa. In na gane naka, ka mayar wa yaron motansa ka ce ba mu iya ba."

Washegari ya zo gareji, amma baƙo ya zo. Ya zauna a benci can gefe ya juya min baya, ba Bakano ba Haruna, sai dai "kai". Daga nan yake ba da umarni. Samfefa mai kaushi. Kada ka bi tsawon ramin, ka gitta. Kada ka danna, ba rijiya kake haƙa ba. Da kunne yake jin in na danna. In na kashe injin na leƙa sai ya ce, ka daina kallo, rufe idon ka sa yatsa, ka taɓa nawa ka taɓa naka. Kwana uku ina wannan a kan ramuka biyu da na goge cikin awa biyu. Yatsana ya yi ja ya daina jin komai, daga baya kuma ya fara jin abin da bai taɓa ji ba. Na auna da sirinji, na sake aunawa. Ranar Asabar da hantsi na wanke top ɗin na ɗora a benci na ce na gama.

Ya taso. Ya zura yatsa a na ɗaya, ya juya. Na biyu. Na uku. Na huɗu, ya ɗan daɗe, ya wuce. Na biyar. Na shida. Ya dawo ya sake bin su tun daga farko. Sannan ya ɗora yatsa a bakin na biyar ya ƙwanƙwasa.

"Wannan ne naka. Hannun ya yi nauyi a lanƙwasan."

Na biyar ban taɓa shi ba. Nasa ne.

Ku ji abin da zuciyata ta ce min a take: yi shiru, Haruna. Ka ce haka ne, ka ba shi haƙuri, wataƙila ya sassauta ya ce a gyara. Kada ka kunyata tsoho sau biyu. Har na buɗe baki zan ce haka ne. Sai na gane ai wannan ita ce Lahadin nan ta sake dawowa, ita ce jera masa sifanu, ita ce ɗauke masa noti a ɓoye. Abin da ya kore shi ke nan.

Na ce, "Dattijo, na biyar naka ne. Na huɗu ne nawa."

Ya mayar da yatsa a na huɗu. Ya cire ya sa a na biyar. Ya koma na huɗu. Ina kallon ƙeyarsa, na ce shi ke nan, yanzu zai ɗauki gwangwaninsa. Sai na ga kafaɗunsa suna rawa. Dariya yake. Ya yi ta yi har da tari, ya dafa benci.

Ya ce, "Kai, Bakano! Ɗan banza! Wato ni ne hannuna ya yi nauyi?"

Na zauna a kan wata tsohuwar taya. Ban san lokacin da na ce alhamdu lillahi ba, da ƙarfi, har mai shayin gefenmu ya leƙo.

Muna ɗaure top ɗin, shi yana riƙe da sifana ni ina miƙa masa noti, ya ce ba tare da ya kalle ni ba, "Idon kam yana tafiya. Na dama kamar an shafa koko. Na san kana jera min sifanu. Kullum ina jira ka yi magana in samu wanda zan gaya wa, kai kuma sai jera sifanu." Na ce to yanzu na yi magana, Litinin asibiti. Ya ce Bakano ya cika mulki. Amma ya je.

Motar ta tashi bugu ɗaya. Asabar ta gaba Injiniya ya ɗauke mu zuwa filin nasu. Bai zo na ɗaya ba, ba zan yi muku ƙarya ba, amma duk lokacin da ya fito daga kwana ya taka, motar tana amsawa nan take, Dattijo yana tsaye ya karkata kai yana gyaɗawa, ba ya ma kallon filin. Idon kuma ashe yanar ido ce kawai, aka cire. Ranar da aka buɗe masa bandeji ina tsaye a gefen gado, ya ƙura min ido ya daɗe, sannan ya ce wa Mama Talatu, "Ashe haka Bakano ya tsufa ba wanda ya gaya min?"

To Zainab, ke ma kin ji yadda aka yi. In ya zo cin tuwon sallah ki gaishe shi da kyau. Kuma in miyar ta yi gishiri ya ce ta yi, kada ki ji haushi, ni ma yanzu haka nake yi masa, ba na ɓoye masa komai.